Tsirrai Masu Cin Ƙwari: Ba Kowace Shuka Ke Son Taki Ba

Gabatarwa

A kusan kowane littafin koyar da aikin gona na makarantun sakandare akwai darasi a kan ire-iren ƙasa. Akan ambaci yashi, a ambaci laka, sannan a zo ga wadda ta haɗa su biyun tare da ruɓaɓɓen ganye, a ce ita ce ta fi kowace kyau. Ɗalibi ya haddace, ya rubuta a jarrabawa, ya ci. Idan kuwa ɗan Funtua ne, ko Malumfashi, ko Bakori, ko Kafur, abin da yake gani a gonar gidansu sai ya ƙara ƙarfafa masa wannan karatu, domin masarar da ta sami kamfa da yuriya takan yi duhu ta yi goyo, wadda ba ta samu ba kuwa ta yi rawaya ta tsumbure. Daga nan sai ya ɗauka cewa ƙasa mai kyau iri ɗaya ce ga dukkan tsirrai, kuma duk shukar da ta yi yaushi taki take nema.

Wannan fahimta rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka bari yana jawo wa manomi asara. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya kamata makarantun wannan yanki su riƙa renon tsirrai masu cin ƙwari a ɗakunan gwaje-gwajensu, su haɗa musu ƙasa da hannunsu, su kuma koyi sauya musu mazubi. Dalili shi ne, da wuya a sami wata shuka da ke nuna wa ɗalibi ƙiri-ƙiri cewa kyawun ƙasa ya dangana ne ga abin da za a shuka a cikinta kamar waɗannan tsirrai.

Tsirran da suke farauta

Kowane koren tsiro yana haɗa abincinsa ne daga hasken rana da ruwa da iska. Amma akwai sinadaran da dole sai ya tsotso su daga ƙasa, manyansu su ne naitirojin da fosfaras da fotash, wato abubuwan nan uku da ake rubuta lambobinsu a jikin buhun kamfa. To, akwai wurare a duniya da ruwa ya wanke waɗannan sinadarai ƙarƙaf, kamar dausayi mai tsami, da jiƙaƙƙen rairayi, da 'yar ƙasar da ke kwanciya a bisa fa. Tsirrai fiye da nau'i 600 sun sami hanyar zama a irin waɗannan wurare ta hanyar mayar da ganyensu tarko. Sukan kama ƙwaro, su narkar da shi, su tsotse sinadaran da ke jikinsa.

Masanin halittun nan na Ingila, Charles Darwin, shi ya fara rubuta cikakken littafi a kansu a shekarar 1875. A 1878 ɗansa Francis ya wallafa sakamakon wani gwaji mai sauƙi da ya yi. Ya raba tsirran da ake kira Drosera gida biyu, ya riƙa ba kashi ɗaya 'yan ƙananan yankan nama, ya hana ɗaya kashin. Waɗanda aka ciyar suka fi yawan fure da iri nesa ba kusa ba. Wannan ya tabbatar da cewa ƙwaro a wurinsu shi ne matsayin taki.

Shaida ta kusa-kusa ta fito ne daga wani tsiro na Afirka ta Yamma mai suna Triphyophyllum, wanda ke hawa itatuwa a dazuzzukan Saliyo da Laberiya da Kodibuwa. Yawancin rayuwarsa ganyensa na kowa ne, sai jefi-jefi ya fitar da dogon ganye mai danƙo mai kama ƙwari. A shekarar 2023 masu bincike na jami'o'in Hanoba da Wurzburg a ƙasar Jamus suka nuna cewa ƙarancin fosfaras ne ke sa shi fitar da wannan ganye. Ke nan yunwar da ke cikin ƙasa ce ke tura tsiro farauta.

Akwai su a Arewacin Nijeriya

Wanda ya ga irin waɗannan tsirrai a talabijin ko a intanet zai zaci sai Amurka ko tsibirin Borniyo ake samun su. Amma babban littafin nan na tsirran Afirka ta Yamma wanda Hutchinson da Dalziel suka rubuta ya lissafa nau'o'insu da dama a Arewacin Nijeriya. Shi Dalziel likita ne da ya yi aiki a wannan ƙasa, kuma shi ne ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916.

Biyu daga cikinsu sun fi dacewa da makaranta. Na farko shi ne Utricularia, wanda za a iya kira mai 'yar jaka. Nau'o'insa sun haura 200 a duniya. Waɗanda ke cikin ruwa ba su da saiwa ko kaɗan. Suna yawo ne a ƙarƙashin ruwan tafki da kududdufi kamar koren zare mai gashi-gashi, su ɗago ɗan fure, galibi rawaya, a bisa ruwa. A jikin zaren akwai ɗaruruwan jakunkuna waɗanda ba su wuce ƙwayar gero ba. Kowace jaka takan fitar da ruwan cikinta har ta motse, ta rufe ƙofa. Da zarar wata ƙaramar halittar ruwa ta taɓa gashin bakin ƙofar, sai ta buɗe, ruwa ya kwarara ciki ya tafi da ita, duk a cikin kimanin kashi ɗaya daga dubu na sakan. Har ƙananan 'ya'yan sauro takan kama.

Na biyu shi ne Drosera indica, wanda za a iya kira mai raɓa. Ganyensa siriri ne, lulluɓe da gashi, kowane gashi da ɗigon danƙo a kansa mai ƙyalli kamar raɓar safe. Ƙwaro ya sauka ya maƙale. Yana fitowa ne a jiƙaƙƙen rairayi da gindin duwatsu inda ruwa ke tsattsafowa da damina, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu idan rani ya shigo.

Wuraren da ya kamata malami ya duba a wannan yanki su ne tafkuna da kududdufai masu garai-garai ɗin ruwa, da gefen madatsun ruwa irin su Mairuwa da Gwaigwaye da na Malumfashi, da kuma gindin manyan duwatsun nan da ke warwatse tsakanin Funtua da Zariya, musamman daga watan Agusta zuwa Oktoba.

Dalilin da taki ke kashe su

Idan aka ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan tsirrai aka dasa shi a ƙasar lambu mai kashin shanu, irin wadda tumatir zai ji daɗinta, cikin 'yan makonni zai yi baƙi ya mutu. Hausawa sun ce abincin wani gubar wani.

Bayanin abin ba shi da wuya. Duk wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ya ga yadda ruwa ke tsattsafowa daga jikinta. Ruwa yakan ratsa fatar ƙwayoyin halitta ne daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. Takin zamani kuwa gishiri ne a ma'anar ilmin sinadarai, haka ma abin da ke narkewa daga kashin kaji da toka. Saiwar tsiro mai cin ƙwari ƙarama ce, mara ƙarfi, kuma ta saba da ruwan da kusan babu komai a cikinsa. Idan gishiri ya kewaye ta, maimakon ta sha ruwa sai ta yi asararsa, tsiro ya mutu da ƙishirwa alhali yana tsaye a cikin danshi. Manomi ya san wannan, domin abin da ke faruwa ke nan idan aka zuba taki a jikin karan masara ya ƙone ta. Bambancin kawai shi ne masara tana jure abin da zai kashe mai raɓa sau da yawa.

Ko da bai mutu ba, taki yakan sa tsiron ya rage farauta. Gwajin da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa wani nau'i mai ganye kamar tulu, idan aka ƙara masa naitirojin, sai ya koma fitar da faffaɗan ganye mai ƙaramin tulu. Na cikin ruwa kuwa wata hanya ce ke halaka shi. Taki yakan sa gansakuka ta yi yawa, ta lulluɓe shi, ta tare masa haske.

Haɗin ƙasa

Auna kayan haɗin ƙasar tukunya ba sabon abu ba ne. Tun a shekarun 1930 wasu masana biyu na cibiyar John Innes a Ingila suka tsayar da haɗi guda, kashi 7 na ƙasar gona, kashi 3 na wata baƙar ƙasa da ake kira fit, da kashi 2 na yashi, tare da ɗan taki. Masu renon itatuwa a leda a wannan yanki su ma haɗi suke yi na ƙasar sama da yashi da ruɓaɓɓen taki. Haɗin tsirrai masu cin ƙwari ya saɓa wa duka biyun, domin abin da ake nema a cikinsa shi ne ya riƙe danshi, iska ta ratsa shi, ya kasance da ɗan tsami, kuma ya zama ba shi da abinci.

Masu renonsu a Turai da Amurka galibi sukan haɗa fit da yashi rabi da rabi. Fit ragowar gansakukar dausayi ce da ke taruwa a ƙasashe masu sanyi, kimanin milimita 1 a shekara. Babu ita a jihar Katsina, wadda ake shigowa da ita tana da tsada, kuma sau da yawa an riga an gauraya ta da taki saboda masu furanni. Bugu da ƙari, haƙo ta yana lalata dausayin da ya yi dubban shekaru yana ginuwa. Saboda haka babu hikima makarantar Malumfashi ta dogara da ita.

Abin da ke kusa ya isa a fara da shi. Na farko shi ne yashin rafi mai kaushi. A wanke shi, a yi ta sake ruwa har sai ya fito garau. Sannan a ɗebi kaɗan a matsa masa lemon tsami. In ya yi kumfa, akwai farar ƙasa a cikinsa, sai a nemi wani. Na biyu shi ne zaren ɓawon kwakwa, a daka shi ya yi laushi, a jiƙa shi kwanaki ana zubar da ruwan ana sakewa, domin yakan zo da gishiri. Haɗin da za a fara gwadawa ga mai raɓa shi ne kashi 2 na yashi da kashi 1 na zaren, kuma aikin ɗalibai ne su gwada wasu ma'aunai su ga wanda ya fi. Abubuwan da ba za su shiga ba su ne kashin dabbobi, da ƙasar juji, da toka, da siminti, da kowane irin takin zamani. Shi mai 'yar jaka na ruwa ba ya bukatar ƙasa. Kwano ko kwalba mai faɗin baki ta ishe shi, da ruwan sama, da ɗan busasshen ganyen ciyawar fadama a ƙasa, da cokali kaɗan na ruwan tafkin da aka ɗauko shi, saboda ƙananan halittun da zai ci.

Ruwan ban shuka shi ma wani ɓangare ne na haɗin. Masu renon waɗannan tsirrai sukan so ruwan da narkakkun sinadaransa ba su wuce miligiram 50 a lita ba. Ruwan rijiya da na burtsatse sau da yawa sun zarce haka. Ɗalibi zai iya gani da idonsa: ya ɗiga ruwan rijiya da na sama a kan gilasai biyu masu tsabta, ya bar su a rana, ya duba wanda ya bar farin tabo. Ruwan sama shi ne zaɓi, a bar na farko da ya wanke rufin kwano ya wuce, a tara na baya a jarka mai murfi domin rani.

Sauya mazubi

Komai tsabtar ruwa, duk ɗigon da ya ƙafe yakan bar ɗan gishirinsa a baya, zaren kuma yakan ruɓe ya dunƙule. Don haka nau'o'in da ke daɗewa ana sauya musu ƙasa duk shekara ɗaya ko biyu, ko kuma da zarar an ga farin ɓawo a bakin mazubi. Mazubin roba mai huda a gindi ya fi na yumɓu, saboda na yumɓu yana zufa, yana tara gishiri a jikinsa.

Lokacin da ya fi dacewa a nan shi ne farkon damina, wajen watan Yuni, lokacin da iska ta yi danshi kuma ruwan sama ya wadata. Yin dashe a cikin hunturu neman asara ne. A jiƙa sabon haɗin tun jajibere. Da yamma a kifa tsohon mazubin a tafin hannu, a sa saiwar a kwanon ruwan sama a girgiza a hankali har tsohuwar ƙasa ta rabu da ita. A yi rami a sabon haɗin, a saka tsiron daidai zurfin da yake a da, ba tare da an danne shi da ƙarfi ba, kuma ba a taɓa ganyen. A ajiye mazubin a faranti mai ruwa kimanin santimita 2, a bar shi a inuwa mako guda, sannan a riƙa fito da shi rana sannu a hankali.

Mai raɓa na gida, da yake shekara guda yake yi, ba a wahalar da shi da dashe. Irinsa ake barbaɗawa a kan jiƙaƙƙen haɗi ba tare da an rufe ba. In tsirran sun yi cunkoso, a ɗebe su da cokali tare da ƙasar da ke gindinsu.

Gwajin da ya fi amfani shi ne na mazubi huɗu. A shuka masara a biyu, mai raɓa a biyu, ta yadda kowanne zai sami ɗaya na ƙasar lambu, ɗaya na wankakken yashi. Ɗalibai su riƙa aunawa suna rubutawa duk mako. Ƙasar da ta raya masara ita za ta kashe mai raɓa, wadda ta tsumburar da masara ita za ta raya shi. Gani ya kori ji.

Abin da masu suka za su ce

Wani zai ce wannan wasan yara ne, tsiron da ba a ci, ba a sayarwa, me zai ƙara wa ɗan manomi? Tambayar tana da nauyi, domin lokacin darasi kaɗan ne, jarrabawa kuma ba ta jira. Amsar tana cikin tarihin yankin. Tun da aka kafa Shirin Raya Aikin Gona na Funtua a 1975 da tallafin Bankin Duniya, takin zamani da masara suka bazu a nan, kuma ƙasar wannan yanki lalle tana ƙarancin naitirojin da fosfaras. Babu mai cewa a daina sa taki. Amma tun daga 2022 farashinsa ya yi tashin da kowane buhu sai an yi masa lissafi, tambayar da ta rage ita ce wane iri, nawa, kuma ga wace shuka. Gyaɗa da wake da waken soya suna samun naitirojin daga iska ta hanyar ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙulle-ƙullen saiwarsu, don haka sufa suka fi bukata, yuriya mai yawa kuwa ganye take sa su. Auduga ma in naitirojin ya yi mata yawa sai ta yi ta tsawo tana jinkirta 'ya'ya. Ɗanyen kashin kaji yakan ƙone dashen mangwaro a leda. Gwajin da aka fara a Samaru a 1950, aka ci gaba da shi shekaru da dama, ya nuna cewa dogaro da takin naitirojin shi kaɗai ba tare da takin gargajiya ba yana sa ƙasa ta yi tsami. Ɗalibin da ya ga taki ya kashe tsiro a gabansa zai fi saurin karɓar waɗannan bayanai.

Wani kuma zai ce, in kowace makaranta ta fita tumɓuke tsirrai, ai za a ƙarar da su. Wannan gaskiya ne, kuma ya faru a wasu wurare. A jihar Karolina ta Arewa ta Amurka, satar shahararren tsiron nan mai ganye kamar tarko ta yi yawa har aka mayar da ita babban laifi a 2014. Ƙa'ida ita ce a ɗauki iri kaɗan, ko ɗan guntun zare na mai 'yar jaka wanda ke tsirowa daga yanki, a bar sauran. Shi kuwa wancan na Amurka, bai kamata makaranta ta ɓata kuɗi wajen sayensa ba, domin yana bukatar watanni na sanyi mai tsanani irin wanda hunturun Funtua ba ya kawowa.

Akwai kuma batun lafiya da tsaro. Binciken cututtuka da aka gudanar a Malumfashi a shekarun 1970 ya nuna yaɗuwar tsargiya a yankin, kuma ana kamuwa da ita ne ta shiga ruwan da ke kwance. Saboda haka ba a barin ɗalibi ya shiga tafki. Daga gaɓa ake jawo tsiron da doguwar sanda. Inda kuma fita da yara daji ke da haɗari, malami shi kaɗai zai iya samo shi a kududdufin da ke kusa da gari.

Kammalawa

Aikin ba ya bukatar kasafin kuɗi. Robar yogot da aka huda, da yashin rafi, da jarkar ruwan sama, da gilashin ƙara girma guda ɗaya sun isa aji guda. Abin da malamai za su fi bukata shi ne wanda zai tabbatar musu da sunan tsiron da suka samo, kuma a nan ne jami'o'i suke da hakki a kansu. Jami'ar Ahmadu Bello tana da ma'ajiyar busassun tsirrai a Zariya, ga kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Ya kamata sassan nazarin tsirrai na waɗannan jami'o'i su riƙa renon mai raɓa da mai 'yar jaka, su raba iri ga makarantu, su kuma karɓi rahoton wuraren da malamai suka gan su, wanda shi ma zai amfani ilmi. Shugabannin makarantu kuma su ware wa ƙungiyar matasa manoma taga guda mai samun rana. Malamin da ke son farawa, aikinsa na farko shi ne ya tanadi jarka tun kafin ruwan farko ya sauka.